Sandunan golf na tallar talabijin: amsa ga wani dattijo da ke shirin saya

Wani dattijo a nan Kaduna, wanda ya fara wasan golf bayan ya yi ritaya, ya aiko da tambaya. Watansa takwas ke nan da farawa, ƙwallonsa kullum sai ta karkace dama, in kuma ta faɗa ramin yashi sai ya yi bugu uku kafin ta fito. Da daddare yana ganin talla a tashoshin tauraron ɗan'adam: ga sandar direba, wato ta bugun nisa, da aka ce za ta ƙara masa yadi 30, ga wej, wato gajeriyar sandar ɗaga ƙwallo sama, da aka ce ba ta barin ƙwallo a yashi, ga wata sanda mai gaɓa a tsakiya ta koyon lilo, wato yadda ake kaɗa sanda wajen bugu. An kuma ce wanda bai gamsu ba cikin kwana 30 za a mayar masa da kuɗinsa. Ɗansa da ke Amurka ya ce zai saya ya aiko. Shin ya ce a sayo?

Ranka ya daɗe, ka dakatar da yaron tukuna. Ba na cewa duk abin da aka tallata a talabijin jabu ne, akwai masu kyau a ciki kuma zan zo kansu. Amma a matakin da kake, kuma a irin ƙasar da muke wasa a kanta, mafi yawansu ba za su biya maka buƙata ba. Na shiga filin golf ina yaro da jakar wani a kafaɗa, yau na haura shekara 20 ina koyarwa, kuma na ga irin waɗannan sanduna da yawa sun zo cikin kwali mai sheƙi, bayan wata biyu sun koma bayan ƙofa.

Bari mu fara da yadi 30 ɗin nan, domin shi ne ya fi jan hankali. Wasan golf yana da hukumomi biyu da ke tsara dokokinsa a duniya: R&A da ke garin St Andrews a Sikotilan, da USGA ta Amurka. Su ne suka ƙayyade abin da sanda za ta iya yi. Kan direba ba zai wuce cc 460 ba, irin awon nan da ake yi wa injin babur. Tsawon sanda ba zai wuce inci 48 ba, in ban da fota, wato sandar da ake tura ƙwallo cikin rami da ita. Fuskar sandar ma an sa mata iyaka tun 1998: idan ta yi karo da ƙwallo, saurin rabuwarsu ba zai haura kashi 83 cikin 100 na saurin haɗuwarsu ba. Manyan kamfanoni irin su Titleist da Ping da Callaway da TaylorMade, masu injiniyoyi da ɗakunan gwaji, duk sun daɗe da isa bakin wannan iyaka, suna ta gwagwarmaya a kan yadi biyu ko uku. To ta ina wani ƙaramin kamfani zai samo 30? Hanya biyu ce: ko dai sandar ta tsallake doka, ko kuma an yi dabara wajen kwatance.

Lissafin ma a fili yake. Ƙwallo tana tashi da saurin da bai wuce ninki ɗaya da rabi na saurin kan sanda ba, shi ma sai an same ta a tsakiyar fuska daidai. Duk mil ɗaya a awa da ka ƙara a saurin lilonka yana ba ka yadi biyu zuwa uku. Ke nan yadi 30 yana buƙatar ƙarin aƙalla mil 10 a awa, wannan kuwa daga ƙugu da kafaɗa da ƙafafu yake fitowa, ba a zuba shi a kwali a aiko. Gaskiya ne akwai mutumin da zai canza direba ya ga ƙarin yadi 15 ko 20 nan take. Amma in ka bincika za ka tarar tsohuwar sandarsa ce ba ta dace da shi ba: fuskarta ta miƙe da yawa, digiri 9 a hannun wanda ya kamata ya riƙe mai 12, ko jikinta ya yi masa tauri. Kowace sandar da ta dace da shi za ta ba shi wannan ƙarin, ko da ta gwanjo ce.

Dabarar kwatancen kuwa tsohuwa ce. A da ƙarfe (wato sanda mai kan ƙarfe) mai lamba 7 kwanciyar fuskarsa wajen digiri 34 ko 35 ce. Yanzu akwai waɗanda ake rubuta musu 7 alhali digiri 28 ko 29 ne, wato kusan mai lamba 5 na da. Sai a ba mutum ya buga, a ce masa ka ga bakwai ɗinmu ta fi taka nisa. Lambar kawai aka canza. Haka nan ana ƙara wa direba tsawo, ta fi nisa idan an dace, amma dacewar ce take ƙara wuya. Sannan ka tuna shirin da kake gani an tace shi. Mutum zai buga ƙwallo 40 a gaban kyamara, a nuna maka uku. Tsohon gwanin da ke yabon sandar kuma an biya shi, kuma shi ko da wace irin sanda ka miƙa masa zai buga ta miƙe.

Batun tsallake doka ba ƙaramin abu ba ne, tunda na san ba za ka daɗe ba za ka so shiga gasar wata-wata ka samu handikaf, wato lambar da ke nuna matakin ƙwarewarka. A shekara ta 2000 kamfanin Callaway ya fito da direba mai suna ERC II wadda USGA ta ce fuskarta ta wuce ƙa'ida. Arnold Palmer, duk da girmansa a wasan, da ya goyi bayan masu wasan nishaɗi su riƙa amfani da ita sai da ya sha suka. Tun a shekarun 1970 an yi ƙwallon Polara mai rage karkacewa da kanta, ita ma ba a yarda da ita a gasa ba. Hukumomin nan biyu suna wallafa jerin kawunan direba da ƙwallayen da suka halatta a intanet. Duk abin da za a sayo maka, a fara duba sunansa a can. In babu shi, ranar da ka ci kofi da shi wani zai ɗaga hannu, kuma shi ke da gaskiya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda mai talla a Amurka bai san da shi ba: ƙasarmu. Kulob ɗin golf na Kaduna yana nan tun 1921, kuma duk wanda ya yi wasa a wannan gari ya san fili biyu muke da shi a wuri ɗaya. Daga Yuni zuwa Satumba ciyawa ta yi kauri, ƙasa ta yi laushi, ƙwallo tana faɗuwa ta tsaya inda ta sauka. Daga Disamba kuwa, da hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, har zuwa zafin Maris da Afrilu. Wej ɗin da ka gani an ƙera ta ne don yashi mai laushi mai zurfi da ciyawar da ake ba ruwa kowace safiya.

Ka juya kowace wej ta yashi ka duba gindinta, za ka ga yana da tudu wanda ya fi bakin sandar sauka ƙasa. 'Yan wasa suna ce masa bawuns. Gene Sarazen, ɗan wasan Amurka, shi ne ya shahara da wannan ƙira, ya ci gasar Open ta Birtaniya da ita a 1932. Amfanin tudun shi ne ya hana sandar nutsewa, ta yi sulu a cikin yashi ta ɗago ƙwallo. Wej ta yashi da aka saba da ita tana da tudun digiri 10 zuwa 14. Waɗanda ake tallatawa kuwa an faɗaɗa musu gindi sosai, shi ya sa suke aiki a ramin da ya cika da yashi mai taushi. To kawo ta nan a watan Fabrairu. Gindin zai fara dukan busasshiyar ƙasa ya yi tsalle, bakin sandar ya sami ƙwallo a ciki, ta tafi a ƙasa-ƙasa kamar an harba ta da gwafa, ta wuce rami ta faɗa can baya. Ko ramin yashin ma, idan an yi ruwan Agusta ya daddaɓe shi, ko yashin ya yi ƙaranci har ana jin ƙasa a ƙarƙashi, haka za ta yi maka. Na taɓa samun ɗalibi da ya sayo irinta da tsada, muka shafe sati uku yana zargin hannunsa, har ya fara cewa zai bar wasan. Ranar da na karɓe ta na ba shi tsohuwar wej mai siririn gindi, a bugu na biyar ya gane ba laifinsa ba ne. Abin ya tsaya mini a rai, domin saura kaɗan mu rasa mutumin da ke son wasan da gaske.

A ƙasa mai tauri, abin da ke aiki shi ne ƙaramin tudu, kamar digiri 6 zuwa 8, ko ma ka bar wej gaba ɗaya ka ɗauki ƙarfe mai lamba 7 ko 8 ka gangaro da ƙwallon. A filayen Arewa da dama har yanzu akwai buron, wato da'irar yashi da aka cakuɗa da mai a kewayen rami a maimakon ciyawa, wadda ake sharewa kafin a buga fota. A irin wannan wuri gangarowa ta fi ɗagawa sama riba nesa ba kusa ba. Za ka ga ana tallata wata sanda mai suna cifa don wannan aikin. Ba laifi, tana taimaka wa wasu, amma kwanciyar fuskarta kusan ɗaya ce da ta ƙarfe mai lamba 8 da ke jakarka, kuma za ta cinye maka gurbi ɗaya cikin sanduna 14 da doka ta yarda ka ɗauka. Mai fuska biyu kuwa, wadda ake bugawa ta kowane ɓangare, ba ta halatta ba sam.

Na ce zan yi adalci. A tsakiyar shekarun 1990 wani mai suna Barney Adams ya fito da sandar fili, wato ta bugun nisa daga ƙasa, mai suna Tight Lies, mai gajeren kai wanda nauyinsa ke ƙasa, kuma ta dogon tallar talabijin aka san ta. Sanda ce ta ƙwarai, ta taimaki masu wasa da yawa su ɗaga ƙwallo daga wurin da babu ciyawa sosai, har kamfanin ya girma, TaylorMade ta saye shi a 2012. Irin wannan ƙira, da kuma haibirid da ta biyo baya, wato sandar da ta haɗa ƙirar ƙarfe da ta sandar fili, ta dace da ƙasarmu ta rani fiye da ƙarfe mai lamba 3 ko 4 da ke wahalar da kowa. Amma ka lura, duk dabarar da ta tabbata tana aiki, cikin 'yan shekaru kowane kamfani ya kwaikwaye ta, ta cika kasuwa, ta shigo gwanjo. Ba sai ka yi cinikin biri a sama ba kafin ka same ta.

Sai karkacewar ƙwallonka. Ga mai buga da hannun dama, ƙwallo tana lanƙwasa dama ne idan fuskar sanda ta buɗe a kan hanyar da kan sandar ke bi lokacin haɗuwa. Na'urorin auna bugu irin TrackMan sun nuna cewa fuskar ce ke da kaso mafi girma wajen inda ƙwallo ke fara dosa. Abin da ke buɗe fuskar kuwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Wani riƙonsa ne, hannun hagu ya juya ƙasa da yawa. Wani tsayuwarsa ce, kafaɗunsa na kallon hagu bai sani ba. Wani yana fara saukowa da kafaɗa maimakon ƙugu. Wani kuma mariƙin sandar ne ya yi santsi, yana matse shi da ƙarfi har wuyan hannu ya ƙage. Cuta huɗu ke nan masu alama ɗaya. Na'urar koyo kowace iri an yi ta ne don gyara abu guda. Saye kafin a duba ka daidai yake da shiga kemis ka ce a ba ka maganin da ka gani a talabijin, alhali likita bai gan ka ba. Kai da ka yi shekaru kana aikin ofis ka san ba a sa hannu a takarda kafin a karanta ta.

Sandar nan mai gaɓa tana karyewa ne a gaɓar idan ka fizge ta ko ka juya hannu ba daidai ba, don haka tana iya koya wa mai gaggawa natsuwa. Sai dai na ga waɗanda suka ƙware wajen lilo da ita ba ta karye ba, suka koma sandarsu ta gaske ƙwallo ta ci gaba da tafiya dama, domin sun koyi lallaɓa na'urar ne kawai. Wadda nake ganin amfaninta ga masu shekaru ita ce doguwar sanda mai lanƙwasa da nauyi a kai, saboda tana sassauta jiki kafin a fara wasa kuma tana daidaita saurin lilo. Ko ita, sanduna biyu a haɗe a hannu suna yin kusan aikinta. Ka kuma sani doka ta 4.3 ta hana amfani da irin waɗannan na'urori ana tsakiyar zagaye: karon farko tarar bugu biyu ce, na biyu kora daga gasar.

Kayan koyon da na fi yarda da su ba su da tsada ko kaɗan. Sanduna biyu a shimfiɗe a ƙasa, ɗaya ta nuna inda ƙafafu ke kallo, ɗaya ta nuna inda ake so ƙwallo ta je. Ƙwararrun duniya ma da irin wannan suke atisaye kullum. Hoda ko alli a shafa a fuskar direba, ka buga, ka ga inda ƙwallo ta taɓa. Mutane da yawa a nan suke gano cewa da dunduniyar sanda suke bugu, wato gefen fuskar da ke kusa da jikin sandar, kuma wannan kaɗai yana cinye nisa ya kuma tura ƙwallo dama. Tawul a ƙarƙashin hammata don hannu ya riƙa tafiya tare da jiki. Sai wayar da ke aljihunka: ka ba kadinka, wato mai ɗaukar maka jaka, ya tsaya bayanka ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. Gani ya kori ji, abin da za ka gani a minti ɗaya ya fi bayanin awa guda.

Alƙawarin mayar da kuɗi kuwa an yi shi ne don wanda ke zaune a ƙasar da ake tallar. Kafin kaya su taso daga Amurka, su bi ta kwastan, su iso Kaduna, kwana 30 ɗin sun tafi ko sun kusa. Kuɗin mayarwa daga aljihunka ne, da dala, kuma sanda doguwar aba ce mai tsadar aikawa. Wasu tallace-tallacen da ke cewa gwaji kyauta suna karɓar lambar kati ne, in wa'adi ya cika su cire cikakken kuɗi, wani lokaci kashi-kashi. Ka gaya wa yaron ya karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. Sannan in kan sandar ya cire ko jikinta ya karye, wanda zafin but ɗin mota a watan Afrilu yana iya jawowa tunda gam ne ke riƙe da kan, babu wakilinsu a nan da za ka kai wa. In kuma ka gaji da ita, da wuya ka sami mai saye, alhali tsohuwar Ping ko Titleist kullum tana da mai nema.

Da ni ne kai, ga yadda zan kashe wannan kuɗin. Kaso mafi girma ya tafi ga darasi wajen ƙwararren mai koyarwa, ko sau shida ne, sati-sati, da kwandunan ƙwallo na atisaye a tsakani. Ba don ni mai koyarwa ba ne nake faɗa; je wurin duk wanda hankalinka ya kwanta da shi. Sai a canza maka mariƙan sandunanka, domin zafi da ƙurar hunturu suna busar da roba da wuri, kuma masu sana'ar suna ba da shawarar canzawa kusan duk shekara ga mai wasa a kai a kai. In har yaron yana son ya yi maka alheri, ya sayo saitin mariƙai, da safar hannu, da ƙwallaye masu sauƙin kuɗi dozin uku ko huɗu, da haibirid guda ɗaya ta sanannen kamfani ko da an yi amfani da ita, mai digiri 22 ko kusa da haka. A duba harafin da ke jikinta: R na matsakaicin ƙarfi ne, A ya fi laushi kuma shi ya fi dacewa da yawancin waɗanda suka haura 60, S kuwa ka bar wa samari. A saya daga shagon da aka sani, saboda jabun manyan sunaye sun yi yawa a intanet. Kafin nan ma, ka ari irinta a wurin abokan wasa ka buga ƙwallo 20. Mutanen golf ba sa rowar wannan.

Kada kuma ka raina kadin da ke ɗaukar maka jaka. Da yawa daga cikin ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga nan suka taso, da sanda ɗaya tsohuwa da wani ya ba su, suna bugu da yamma bayan manya sun tashi. Yaron da ke bin ka rami 18 ya ga lilonka fiye da kowa, da ɗan gari akan ci gari. Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji, ya ci gasar Nigerian Open a Legas a 1988 da 1989 tun duniya ba ta san shi ba, ya zo ya zama na ɗaya a duniya a 2004, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne daɗewa a filin atisaye har rana ta faɗi.

Game da ramin yashi, kafin mu haɗu ka gwada wannan: ka ja layi a yashi da sandarka, ba tare da ƙwallo ba, ka riƙa dukan layin kana watsa yashi waje, nauyinka a ƙafar hagu, kada ka tsayar da sandar bayan ta shiga. Idan ka iya samun layin sau takwas cikin goma, sai ka ajiye ƙwallo inci biyu a gabansa ka yi bugun nan dai. Yawancin masu bugu uku a rami ƙwallon suke nema su ɗebo, alhali yashin ake bugu shi ya fitar da ita.

In Allah ya kai mu Asabar, ka fito da sassafe kafin rana ta yi zafi, ka zo da ƙarfe mai lamba 7 da direbarka da wej ɗin da kake da ita yanzu. Zan so in fara ganin yadda kake riƙe sanda.